Yadda Za a Shirya Gangamin Dawo da Wasan Bolin Gidajen Talabijin

Duk wanda ya daɗe yana zuwa zauren bolin, wasan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a zubar da sanduna goma, ya san yadda daren gasar lig yake a da, ya kuma ga yadda ya koma. Layukan da ƙungiyoyi suke cikawa mako-mako na tsawon watanni, yanzu masu biki da 'yan shaƙatawar ƙarshen mako ne suka fi riƙe su, kuma waɗannan sukan zo sau ɗaya ko biyu a shekara su tafi. A Amurka, inda wasan ya fi kafuwa, masu rajista da ƙungiyoyin wasan sun haura miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1970, amma a yau adadin bai kai miliyan 2 ba. Masanin nan Robert Putnam ya nuna cewa tsakanin 1980 da 1993 yawan masu jefa ƙwallon ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, alhali masu buga lig sun ragu da kashi 40 cikin 100. Ke nan mutane ba su daina son wasan ba, sun dai daina ɗaukarsa a matsayin wasan da ake koya, a ƙware, a yi gasa a kai.

A nan ne talabijin take da rawar takawa. Daga 1962 zuwa 1997 tashar ABC ta riƙa nuna gasar PBA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin, da ranar Asabar, kuma tsararraki sun tashi sun san fuskar Dick Weber da ta Earl Anthony kamar na 'yan gidansu. Sai dai gaskiya ita ce lig-lig sun fara raguwa tun shirin yana kan iska, saboda haka wanda ya ce talabijin kaɗai za ta cika layuka ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Abin da take iyawa shi ne ta nuna wa yaro cewa akwai gwanaye a wannan fage kuma akwai abin da zai yi buri, sauran aikin kuma yana wuyan masu zaure da masu horarwa. Wannan jagora ta ginu a kan haka.

Matakin farko: a san abin da ake nema

Gangami da yawa sukan mutu tun a nan, domin masu shi suna cewa kawai “a riƙa nuna bolin”, wanda ba buƙata ce da wani ma'aikacin tasha zai iya amsawa da i ko a'a ba. A rubuta buƙatar a jimla ɗaya: wane irin shiri, minti nawa, sau nawa, a wace rana, na tsawon mako nawa. A ganina shirin awa ɗaya a rana ɗaya da lokaci ɗaya na mako takwas ko goma a jere ya fi babbar gasa ta kwana guda amfani nesa ba kusa ba, ko da ita za a nuna kai tsaye. Dalili shi ne sabo. Mai kallo da ya san cewa duk Asabar da ƙarfe kaza zai tarar da wasan yakan tsara ranarsa a kai, ya san 'yan wasan, ya zaɓi gwaninsa, wanda kuwa ya ci karo da gasa sau ɗaya a shekara ya manta da ita kafin mako ya zagayo.

Mataki na biyu: a haɗa masu ruwa da tsaki, a tattara hujja

Mutum ɗaya mai zafin nama zai iya tayar da magana, amma tasha ba ta ƙulla yarjejeniya da mutum ɗaya. Ana bukatar hukumar wasan ta ƙasa, irin USBC a Amurka ko BTBA a Birtaniya, domin ita ce take amincewa da gasa kuma sau da yawa ita ce mai haƙƙin nuna ta. Ana bukatar masu zauruka, domin su ne masu layuka kuma su ne za su fi cin moriya. Sai masu sayar da ƙwallo da takalma, da sakatarorin lig, da masu horar da yara. A kafa ƙaramin kwamiti da bai wuce mutum biyar ko bakwai ba, a ba mutum ɗaya ikon magana da yawun kowa, domin babu abin da yake kashe wa editan wasanni gwiwa kamar ya ji murya uku daga ɓangare ɗaya kowace da nata zance.

Daga nan sai hujja. Kowane zaure na zamani yana da kwamfutar da take ƙirga wasannin da aka buga, saboda haka a roƙi masu zauruka su ba da jimillar shekara, ko da ba za su yarda a ambaci sunan zaurensu ba. A haɗa da yawan masu rajista, da shekarunsu, da rabon maza da mata, da yawan masu bin shafukan wasan a intanet. A guji kumbura adadi. Masu sayar da talla a tasha sun fi kowa sanin alƙaluma, kuma da zarar sun kama ƙari guda ɗaya, sauran takardar ta zama ta kwandon shara. Raguwar 'yan lig ma kada a ɓoye ta, amma a sa ta a inda ya dace: hujjar da take jan hankalin tasha ita ce ɗimbin mutanen da suka taɓa riƙe ƙwallon da hannunsu, waɗanda suka san nauyinta, domin su ne masu kallon da ake iya samu.

Mataki na uku: a fahimci lissafin tasha

Awa ɗaya a talabijin haja ce. Tashar kasuwanci tana auna abin da za ta kashe wajen ɗaukar shiri da abin da talla za ta kawo, kuma tana dogara da kamfanonin auna yawan masu kallo, kamar Nielsen a Amurka da BARB a Birtaniya. Yarjejeniya kan zo ta hanya uku. Ko dai tasha ta biya kuɗin haƙƙi ta kuma ɗauki shirin da kanta, wanda ƙananan wasanni ba kasafai suke samu ba, ko a ba ta shiri kammalalle kyauta a raba lokacin talla, ko kuma masu wasan su sayi lokacin gaba ɗaya su sayar da tallan da kansu. Gangamin da yake farawa ya sa ido a kan ta biyu, ya kuma shirya wa ta uku. Tashar gwamnati ko ta al'umma tana da wani ma'auni dabam, wato hidimar jama'a, kuma a wurinta maganar matasa da mata da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, waɗanda duk suke iya buga wannan wasa a layi ɗaya, tana da nauyi sosai.

Mataki na huɗu: a tsara wasan yadda zai kallu

Wannan ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne wanda masoya wasan suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin su a wurinsu wasan ya riga ya yi daɗi. Mai kallon da bai san komai ba abin da yake gani shi ne mutum ya jefa ƙwallo, sanduna goma sun zube, wani ya zo ya maimaita. Idan ƙwararru suna ta kwashe duka goman a jifa ɗaya, sai ya ɗauka abin ba shi da wuya. Aikin shirin shi ne ya bayyana masa abin da idonsa bai gani ba.

Babban abin da ba a gani shi ne mai. Tsawon layi daga inda ake sakin ƙwallo zuwa sanda ta gaba ƙafa 60 ne, kuma ana shafa mai a kusan kashi biyu cikin uku na farkonsa. Ƙwallon, wadda nauyinta kan kai fam 16, tana sulɓi a kan man, sai ta isa busasshen wuri ta kama ƙasa ta lanƙwasa ta shiga tsakanin sanda ta ɗaya, wato ta gaba, da ta uku da take damanta, idan mai jifan na-dama ne. A zauren shaƙatawa ana tara man a tsakiya a bar gefe a bushe, wanda yake taimakon mai jifa ya gyara kuskurensa, a gasar ƙwararru kuwa ana daidaita shi ta yadda kuskuren katako ɗaya ko biyu daga cikin 39 na faɗin layin zai bar sanduna a tsaye. Ƙari a kan haka, kowace jifa tana kwashe man daga wani wuri ta kai shi wani, saboda haka layin da aka fara wasa a kai ba shi ne ake ƙarewa a kai ba. PBA ta taɓa rina man ya zama shuɗi a wasanninta na talabijin don masu kallo su gan shi, kuma bayan da tashar Fox ta karɓi nuna gasar a 2019 an riƙa zana hanyar ƙwallo a allo tare da saurinta da yawan juyawarta. Ƙaramin shiri ba lallai ya iya sayen irin wannan na'ura ba, amma zai iya nuna taswirar man kafin a fara, ya kuma sa mai sharhi ya riƙa cewa ga dalilin da ya sa wannan ɗan wasa ya matsa hagu da katako biyu.

Sai tsarin gasar. Wasan ƙarshe na tsani, wanda ABC ta yi shekaru tana amfani da shi, har yanzu babu kamarsa: mutum biyar, na biyar ya kara da na huɗu, wanda ya yi nasara ya hau ya gamu da na uku, haka har a kai ga na ɗaya, kowace karawa wasa guda ce kuma wanda ya faɗi ya tafi gida. Karawa huɗu suna shiga cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, idan kuwa awa ɗaya aka samu sai a rage mutanen. Ga ƙungiyoyi akwai tsarin Baker, inda mutum biyar suke haɗuwa su buga wasa guda, kowa zango biyu cikin zango goma da ake raba wasa guda, wanda yake sa mutum na ƙarshe ya ɗauki nauyin sauran a zango na goma. Gasar Weber Cup, da aka fara a 2000 tsakanin Turai da Amurka, ta nuna amfanin kafa layi guda ɗaya tilo a tsakiyar fili, 'yan kallo a gefe biyu suna sowa, kuma kamfanin Matchroom da ya shirya ta ya kai ta tashar Sky Sports da wannan siffa.

Ƙirgan maki ma yana korar baƙo. A tsarin da aka saba, wanda ya kwashe goma a jifa ɗaya sai ya jira jifa biyu na gaba kafin a san makinsa, shi ya sa allo yakan nuna gurabe babu komai, kuma kwashewa 12 a jere ce take ba da 300, makin da ya fi kowane. Hukumar wasan ta duniya ta gwada wani tsari mai sauƙi inda kwashewa take ba da maki 30 nan take. Ni dai ban goyi bayan a sauya ƙirgan ba, domin wanda ya kalla a gida ya je zaure zai tarar da tsohon tsari, amma dole allo ya riƙa nuna abu biyu a kowane lokaci: wa yake gaba da maki nawa, da kuma mafi yawan abin da kowannensu zai iya kaiwa.

Kyamara huɗu sun isa a fara: ɗaya a bayan mai jifa, ɗaya a kan sanduna, ɗaya a fuskarsa, ɗaya a kan abokin karawar da yake zaune yana jira. A sa makirufo kusa da sandunan, domin ƙarar haɗuwar ƙwallo da su rabin daɗin wasan ce. Hoton da ya fi kowane tsada shi ne na sanda ta goma, can a kusurwar dama, tana rangaji kamar za ta faɗi sannan ta tsaya cak, sai a yanko fuskar wanda ya jefa yana dafe da kai. A tabbata mai haɗa hotuna ya san cewa wannan daƙiƙa biyu ake nema.

Kuma a nemi mutane masu labari. Kelly Kulick ta doke maza ta lashe gasar zakarun PBA a 2010, Jason Belmonte na Ostareliya ya zo da jifa da hannu biyu aka yi ta gardama a kansa har ya tara manyan kofuna fiye da kowa, a Japan kuwa Ritsuko Nakayama ta buga 300 a gaban kyamara a 1970, a lokacin da wasan yake tashe har zauruka suka haura 3,000 a ƙasar. Kowace ƙasa tana da nata, ko direba ne da yake atisaye bayan tashi daga aiki ko yarinyar da ta fi mahaifinta. Minti biyu na gabatar da ɗan wasa kafin karawa su ne suke sa mai kallo ya damu da wanda zai ci.

Mataki na biyar: kuɗi

A nemi kamfanonin ɗaukar shiri biyu ko uku su ba da farashi a rubuce. Hanya mafi rage tsada ita ce a ɗauki shirye-shirye da yawa a kwana biyu, tunda kafa fitilu da kyamarori ne yake cin kuɗi, sannan a riƙa sakin su mako-mako, da sharaɗin 'yan wasa da 'yan kallo su riƙe sakamakon. Masu ƙera ƙwallo su ne na farko da za a tuntuɓa, kuma suna da tarihi a nan, domin kamfanin Ebonite ne ya ba Don Carter kwangilar talla ta dala miliyan 1 a 1964. Amma kada a tsaya a kansu. Tasha ta fi natsuwa idan ta ga mai ɗaukar nauyi daga wajen wasan, irin kamfanin sadarwa ko na inshora, domin hakan shaida ce cewa masu kallon suna da daraja a kasuwa. Masu zauruka kuma za su iya yin karo-karo gwargwadon yawan layukansu.

Mataki na shida: shirin gwaji

Kafin a ƙwanƙwasa ƙofar kowace tasha, a ɗauki shiri ɗaya cikakke a sa a YouTube ko Facebook, a kuma yanka gajerun guntaye daga cikinsa. A adana alƙaluman: mutum nawa suka kalla, minti nawa suka tsaya, a wane wuri suka fice. Wurin ficewar ya fi komai amfani, domin shi ne yake nuna inda shirin ya yi sanyi. A gyara, a sake.

Mataki na bakwai: ganawa da tasha

A binciko wanda yake yanke hukunci, galibi shugaban sashen wasanni ko mai tsara jadawali, a kuma san lokacin da suke tsara zango mai zuwa, wanda kan kasance watanni kafin a fara shi. A duba jadawalinsu a gano gurbin da suke cikewa da maimaici, ko watannin da manyan gasannin ƙwallon ƙafa suke hutu, a nemi wannan gurbi da sunansa. A tafi da takarda mai shafi biyu, da bidiyo na minti uku, da wasiƙar mai ɗaukar nauyi. Idan an zauna, a fara kunna bidiyon kafin dogon bayani, kuma kada a ɓata lokaci wajen kukan cewa an yi watsi da wasan. Misalan da suke shiga kunnen ma'aikacin talabijin su ne na wasannin da allo ya ɗaga: sunuka, wasan da ake buga ƙwallaye masu launi da sanda a kan tebur, ta samu shirin Pot Black a BBC2 a 1969 saboda ana son nuna amfanin talabijin mai launi, kuma zuwa 1985 mutum miliyan 18.5 suka kalli wasan ƙarshe na gasar duniya tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis har bayan tsakar dare. Idan aka ce a'a, a tambayi dalili, a rubuta shi, a tambayi abin da zai sa a sake dubawa, sannan a wuce tasha ta gaba, ko ta yanki ce ko ta intanet.

Mataki na takwas: muryar jama'a

Takardar koke mai dubban sa-hannu ita ce abin da aka fi saurin tunawa idan aka ce gangami, kuma ita ce mafi rauni idan ta zo ita kaɗai. Amfaninta yana zuwa ne bayan an ajiye tayin a teburin tasha. A lokacin sai a buƙaci 'yan lig su rubuta wasiƙu da kalmominsu, gajeru kuma cikin ladabi, kowa ya faɗi inda yake wasa da wanda zai kalla tare da shi. Wasiƙa ɗari mabambanta sun fi dubu da aka kwafa daga samfuri ɗaya. A kai wa 'yan jaridar wasanni labarin mutane, a gayyace su su jefa ƙwallo a kan man ƙwararru su ji bambanci da hannunsu. A ja kunnen magoya baya kada su zagi tasha ko wani wasa a shafukan sada zumunta, domin wanda ake zagi yau shi ake son ya sa hannu gobe.

Mataki na tara: yarjejeniya, da abin da zai biyo baya

A yarjejeniyar a nace a kan abu huɗu: tsayayyen lokaci da ba za a riƙa ɗagawa ba sai da sanarwa, tallar shirin a cikin sauran shirye-shiryen tashar, 'yancin sa guntaye a intanet, da samun alƙaluman masu kallo bayan kowane mako. A ba lauya ya duba wanda ya mallaki hotunan bayan an gama nunawa.

Sannan a koma ga dalilin da ya sa aka fara duk wannan. Tun kafin shiri na farko ya fita, kowane zaure da yake cikin tafiyar ya tanadi abin da zai ba wanda ya kalla ya zo: darasin farko kyauta ko da rangwame a ranar da ta biyo bayan shirin, mai horarwa a tsaye a wurin, da gajeriyar lig ta mako shida ko takwas, domin lig ta gargajiya mai mako 30 da ɗoriya tana tsorata wanda bai saba ba. A ƙarshen kowane shiri a nuna adireshin intanet guda ɗaya inda mutum zai ga zauren da ya fi kusa da shi. Ma'aikacin da yake ba da takalma a kanta ya san da shirin, ya kuma tambayi kowane sabon zuwa inda ya ji labari, ya rubuta a littafi. Bayan mako goma a tattara littattafan nan a ga mutum nawa suka zo darasi, nawa suka shiga gajeriyar lig, nawa kuma suka yi rajista da hukumar. Kwafi ɗaya na wannan rahoto a kai wa mai ɗaukar nauyi, ɗaya a kai wa tasha tare da tayin zango na biyu, kuma a kai shi tun shiri na ƙarshe bai fita ba, lokacin da mai tsara jadawali bai riga ya ba wani gurbin ba.